Daga "Kai!" Zuwa "Inna Lillahi": Tarihin Mamaki a Kudancin Kogin Kaduna

A kudancin Kogin Kaduna, kan hanyar da ta nufi Sabon Tasha, akwai unguwa mai suna Television. Kullum yaran mota suna maƙale a ƙofar bas suna kiran sunanta, fasinjoji na hawa suna sauka, babu mai ɗaga kai ya tambayi yadda aka yi unguwa sukutum, da kasuwarta da tashar motarta da wuraren ibadarta, ta ɗauki sunan akwatin kallo. Sunan ya tsufa, ya koma daidai da Kakuri ko Barnawa a kunne. Amma an yi lokacin da wannan kalma kaɗai takan sa yara su bar wasa su ruga, manya su riƙe baki.

Kaduna gari ne yaro. Kano da Katsina da Zazzau suna ƙirga shekarunsu ɗari bisa ɗari, ita kuwa Kaduna, a matsayin birni, ba ta daɗe da haura ɗari ɗaya ba. Gbagyi ne suke noma wannan ƙasa kafin Turawa su zaɓe ta, kuma a 1917 aka ƙarasa ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan. Arewacin kogi aka ba gwamna da sakatariya da filin sukuwa. Kudanci kuwa aka bar wa ƙarfe da hayaƙi: tashar jirgi tukuna, daga baya masaƙu, da masana'antar makamai, da kamfanin haɗa motoci, da matatar mai. Baƙin abubuwa da yawa na ƙarni na ashirin ta wannan gaɓa suka ratsa, waɗansu a nan suka yada zango. Mai son sanin abin da mutane suke faɗa a daidai lokacin da suka ga abin da ba su taɓa gani ba, da yadda faɗar take sauyawa da zamani, zai sami abin dubawa a nan.

Kalmomin da baki yake rigan tunani furtawa

Hausa ba ta da talaucin kalmomin mamaki, kuma kowace da gurbinta. "Kai!" ita ce uwa, tana shiga ko'ina, a gajarce ta don gargaɗi, a ja ta da tsawo don jinjina. "Af!" ta wanda ya tuna abin da ya sha'afa ce, ko ya ji abin da da ma ya kamata ya sani. "Haba!" mamaki ne gauraye da ƙin yarda, mai faɗarta yana neman a janye magana. "Tabɗi!", balle a ƙara mata wutsiya ta zama "Tabɗijam!", ta mai hangen cewa abin da ya faru zai haifi 'ya'ya ce. Mata sukan riƙe haɓa, ko su tafa hannu su ce "Oh ni 'yasu!" Dattijo kuwa sau da yawa girgiza kai kawai zai yi, ya ce "To!", ya bar mai sauraro ya auna nauyinta.

A cikinsu duka "Ashe!" ta fi zurfi. Sauran suna amsa abin da ya auku yanzu, ita kuwa tana komawa baya ne ta gyara tarihi. Wanda ya ce "Ashe kai ne!" yana shaida cewa gaskiyar tana nan tun tuni, shi ne bai gan ta ba. Da ita ake gane ɗan'uwa a baƙon gari, da ita kuma ake gane maci amana. Duk marubucin wasan kwaikwayo da ya san aikinsa, wannan kalma yake farauta a bakin masu kallo.

Sama da waɗannan akwai wani bene, inda mamaki yake barin harshen yau da kullum ya koma ambaton Allah. Abu idan ya yi kyau ya wuce misali, sai a ce "Ikon Allah!" Idan ya ɗaure kai, a yi salati. Idan labarin na asara ne, babu sauran "Kai" ko "Haba", sai "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un". Makwabciya tana iya sanin irin labarin da aka kawo gidan da ke bayan katangarta daga kalmar farko da ta ji an furta.

Akwai kuma bambanci tsakanin sunaye uku da ake yawan cakuɗawa. Mamaki hali ne na zuciya. Al'ajabi aro ne daga Larabci, ya fi zama a bakin malamai da cikin littattafai, yana tafe da tunani. Ba-zata kuwa sunan aukuwar ce kanta, kuma ba ta da ɓangare: kyauta tana zuwa a ba-zata, hari ma haka.

Wani abu kuma shi ne, al'ada ba ta sakar wa mamaki linzami ba. Mai kamun kai ba ya sakin baki galala a gaban jama'a. Wanda ya tsaya yana ƙare wa bene kallo, nan take a kira shi baƙauye. Saboda haka ne karin magana take ba mutum mafaka, ya nuna mamakinsa ta hanyar ba'a ba tare da ya zubar da girma ba: abin mamaki, kare da tallan tsire, sabon salo, kiran salla da usur, bambaraƙwai, namiji da suna Hajara. A birni irin Kaduna, inda kusan kowa baƙo ne ko ɗan baƙo, koyon ɓoye mamaki yana cikin darussan farko na zama ɗan gari.

Kwalekwalen da ke tafiya a tudu

Layin dogo da aka faro daga Baro ya ƙetare Kogin Kaduna ya isa Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗe shi da na Legas. A 1927 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan, ya zo ya sadu da su a tashar da ke kudancin kogi, wadda ake kira Kaduna Junction. A kewayenta gidajen ma'aikatan jirgi suka tashi, unguwar Maƙera ta cika.

Sunan da aka raɗa wa abin ya adana mamakin ranar farko. Kafin zuwan Turawa, jirgi a Hausa na ruwa ne, wanda ake fito da shi. Da aka ga wani dogon abu yana ɗauke da mutane da kaya yana keta daji, sai aka ce jirgi ne, amma na ƙasa. Da jiragen sojan saman Ingila suka sauka a Kano a Nuwamban 1925, aka ce wannan kuma na sama ne. Haka keke ya sami laƙabin dokin ƙarfe, haka kwamfuta daga baya ta zama na'ura mai ƙwaƙwalwa. Dabarar ɗaya ce: a kamo baƙon abu a ɗaure shi a turken wanda aka sani.

Turawan mulki sun san ƙarfin wannan mamaki, kuma sun yi aiki da shi. Masanin nan mazaunin Amurka, Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan rediyo da silima a Kano, ya nuna yadda bukukuwan buɗe gada ko injin wuta suke zama wani nau'in wasan kwaikwayo na gwamnati, ana gayyato sarakuna da talakawa su zo su ga abin da ya fi ƙarfinsu, don zuciya ta rusuna kafin gwiwa. Mai mulki yana bukatar a ji tsoronsa, amma ya fi samun sauƙi idan ana mamakinsa.

To, a nan ne kalmar "Ikon Allah" take da wani aiki da ba a cika lura da shi ba. Mutumin da ya tsaya gaban kan jirgi yana huci, ya ce "Ikon Allah!", ya yarda abin ya burge shi, amma ya hana Bature ladan. Ya mayar da al'ajabin wurin wanda shi da Baturen duk bayinsa ne. Abin lura ne cewa littafin ilimin halitta da Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta wa masu karatun Hausa wannan suna aka sa masa, *Ikon Allah*.

Sarakuna ma suna da nasu. A Fabrairun 1956, da Sarauniya Elizabeth ta zo Kaduna, an yi mata hawan daba da dubban dawaki a arewacin kogi. Ƙololuwar hawan ita ce jahi: mahaya su sako dawaki da gudu, suna ɗaga makamai, su nufo babban baƙo kamar za su bi ta kansa, sai a taki kaɗan su ja linzami su tsaya cak, su jinjina. Gaisuwa ce, amma gaisuwar da aka gina a kan ɗan tsoratarwa. A wannan rana dai, baƙi ne suka riƙe numfashi.

Mamakin da ake saye

Tun kafin jirgi akwai masu sana'ar ba da mamaki. Ɗan dabo yana fito da abu daga inda babu shi. Gardi yana rataye maciji a wuya, ko ya ja kura da sarƙa ta tsakiyar kasuwa. Ɗan tauri yana yanka cikinsa da wuƙa, wuƙar ta lanƙwashe. Duk inda taro da kuɗi suka haɗu, kasuwa ce ko tasha ko ƙofar ma'aikata ranar biya, nan ne fagensu. Tsakaninsu da 'yan kallo akwai yarjejeniya da ba a rubuta ba: a yi da'ira, shi yana ciki, su suna waje, ya tsorata su iya abin da za su iya ɗauka, su jefa masa kwabo, kowa ya kama gabansa. Bahaushe ya kira wani sashe na wannan sana'a rufa-ido, wato ya san ana yaudararsa, kuma yaudarar ya zo saye.

Majigi ya shigo cikin wannan da'ira. Sunan ya samo asali ne daga sunan Ingilishi na fitilar da ake haska hotuna da ita a bango, wadda Turawa suka danganta da sihiri. Motar gwamnati takan iso gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a tayar da inji, mai sharhi ya riƙe lasifika yana fassara da Hausa. Kallon kyauta ne, amma da darasi a ciki: tsafta, allurar rigakafi, biyan haraji, noman zamani. Fim ɗin *Baban Larai* na shekarun 1950, wanda tsofaffi suke tunawa har yau, don koyar da noman auduga aka yi shi.

Silimar kuɗi kuwa, wadda 'yan kasuwa, galibi Kwarori, suka giggina a birane, ba ta sami wannan karɓuwa da sauƙi ba. An kira hotunan da ke motsi dodon bango. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya ta Kano a Mayun 1951, ta hallaka mutum 331, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin hukunci kan masu zuwa irin wannan wuri. Da'irar ta karye, abin tsoron ya fito daga bango ya kama 'yan kallo.

Jiniya, rediyo da akwatin kallo

Audugar da majigi ya koyar da nomawa, Kakuri ta nufa. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Nijeriya. Cikin shekarun 1960 waɗansu suka biyo baya: Nortex, da Arewa Textiles mai hannun Japanawa, da UNTL ta attajiran Hong Kong. Saurayin da ya taso yana ganin masaƙi zaune a gindin bishiya yana fitar da ƙyalle mai faɗin tafin hannu, ya shiga zauren da ɗaruruwan injuna suke saƙa a lokaci guda, da ƙarar da ba a jin maganar na kusa. Mako biyu ya ishe shi ya daina mamaki. Daga nan jiniyar canjin aiki ta zama agogonsa.

Waɗannan ma'aikata daga ko'ina suke: Bajju, Atyap, Ham, Adara, Gbagyi, Tibi, Idoma, Nufawa, Ibo, Yarabawa, Hausawa, Kanuri. Hausa ce ta haɗa su, amma Hausa ce irin ta bariki, mai sauƙin nahawu, mai yawan aro. Kalmomin mamaki su ne suka fi saurin tsallake iyakar harshe, domin ba sa bukatar fassara. "Kai" da "Haba" da "Wallahi" suka shige Turancin buroka, har mutumin da bai taɓa zuwa Arewa ba yana faɗarsu a Legas. A gida ɗaya na haya a Nasarawa ko Kakuri, idan tukunya ta kife, wata ta yi salati, wata ta kira sunan Yesu, wata ta ce "Chineke!", kuma duk su ruga wuri ɗaya.

A Maris na 1962 gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara watsa shirye-shirye, ƙasa da shekara uku bayan Ibadan ta buɗe nata a 1959. Talabijin a lokacin kayan manyan ma'aikata ne. Rediyo shi ne na kowa, kuma ta rediyo ne ba-zatar da ta fi kowace girgiza Arewa ta shigo gidaje. A daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji suka fita da sunan atisayen dare da aka yi wa laƙabi da Damisa. Kafin gari ya waye an kashe Firimiya, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da matarsa Hafsatu. Da rana aka ji muryar Manjo Chukwuma Nzeogwu a Rediyon Kaduna yana shelar dokar soja. A garin aka haife shi, har ana kiransa Kaduna, yana jin Hausa kamar kowa. Wannan "Ashe" ce mai ɗaci, kuma abin da ya biyo bayanta, kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa, ya kwashe iyalai da yawa daga unguwannin ma'aikatan jirgi.

Shekara tara bayan haka, a 1975, ba-zata ta zo da fara'a. Rahoton kwamitin Jerome Udoji ya ƙara albashin ma'aikatan gwamnati, aka biya su da ariyas na watanni a dunƙule, ma'aikatan kamfanoni su ma suka tashi tsaye sai an ba su nasu. Mutanen da ba su taɓa riƙe irin wannan kuɗi ba suka wayi gari da shi a aljihu. Babura da rediyo mai kaset da akwatunan talabijin suka shiga gidajen haya, farashin kaya kuma ya bi su a guje. A shekarar ce kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri. Da yake tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe, ta jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga Faransa zuwa Kano, a loda su a kawo Kaduna. Mota ta hau jirgin sama kafin mai ita ya taɓa ganin cikinsa.

Gidan da ya sayi talabijin ya zama silimar unguwa. Yara su cika tsakar ɗaki, waɗanda ba su sami wuri ba su maƙale a taga. Abin da suka fi jira shi ne *Samanja Mazan Fama* na Usman Baba Pategi, ɗan sarautar Pategi wanda ya yi aikin soja da gaske. Samanja, wato sajan-manjo, da gashin baki da tsawa, yana magana da Hausar bariki yana tsalma Turancin da ya ƙera da kansa. Dariyar wasan tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin kurin mutum da abin da yake samunsa. Sai dai babban abin mamakin yana wajen akwatin: a ƙasar da soja yake mulki, inda farar hula yake kauce wa mai kaki a hanya, ga shi an zauna iyali guda ana ƙyalƙyala dariya da sajan-manjo, kuma sojojin ma suna cikin masu dariyar. Kasimu Yero da sauran 'yan wasan gidan talabijin na Kaduna suka ƙara faɗaɗa fagen. Finafinan bidiyo na Hausa da suka taso daga 1990, da barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro, sun tarar da 'yan kallon da aka riga aka horar. Yero ya rasu a 2017, Samanja a Nuwamban 2023, dukansu a Kaduna.

Lokacin da kogi ya zama iyaka

A ranar 21 ga Fabrairu 2000, zanga-zangar adawa da shirin faɗaɗa shari'ar Musulunci a jihar ta rikiɗe ta zama faɗa. Aka yi kwanaki ana kisa da ƙone-ƙone, aka sake a watan Mayu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta waɗanda suka mutu da aƙalla 2,000. Ba a nan tashin hankali ya fara ba, domin an ga na 1987 da na 1992, amma wannan ne ya sake zana taswirar birnin. Kiristoci da yawa suka bar unguwannin arewa suka ƙetaro kudu, Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Television suka tumbatsa. Musulmi da yawa suka yi akasin haka. Gidan hayar nan da ake salati ana kiran Yesu a kan tukunya ɗaya ya yi ƙaranci.

Abin da waɗanda suka tsira suka fi maimaitawa, a kowane ɓangare, shi ne sanin fuskar wanda ya zo. A wani wurin makwabci ne ya nuna gida, a wani wurin kuma makwabci ne ya ɓoye iyali a ɗakinsa, ya tsaya a ƙofa ya rantse babu kowa. Kalma ɗaya ce take ɗaukar labaran biyu: ashe haka yake.

A Nuwamban 2002 abin ya dawo, kuma wannan karon ta ƙofar nishaɗi. Gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja aka shirya yin ta, ba a Kaduna ba. Wani rubutu a jaridar ThisDay ta 16 ga watan, wanda ya ambaci Annabi (SAW) ta hanyar da ta fusata Musulmi, shi ya kunna wutar. A ranar 20 aka ƙone ofishin jaridar na Kaduna, aka kwana uku ana faɗa, kimanin mutum 250 suka rasu. Aka kwashe 'yan takara zuwa Landan. Mafi yawan waɗanda suka mutu ba su karanta rubutun ba, kuma ba su da niyyar kallon gasar. Wata uku kacal kafin nan, a Agusta, shugabannin addinan biyu su 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Cikin waɗanda suka yi ɗawainiyarta akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutum biyu da suka taɓa jagorantar matasa a ɓangarori masu gaba, Wuye har ya rasa hannu a rikicin 1992. Ganinsu a mota ɗaya suna yawon sulhu ya daɗe yana sa mutanen kowannensu riƙe baki, wasu don sha'awa, wasu don zargi.

A shekarar 2002 ɗin dai KTL ta rufe. Arewa Textiles ta bi baya, UNTL ta tsaya a 2007. Wannan bai kamata ya zo wa kowa a ba-zata ba, domin an daɗe ana ganin alamu: rashin wuta, tsadar man injuna, tsofaffin na'urori, da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. Amma ga ma'aikacin da ya shekara ashirin yana tashi da jiniya, ranar da ya iske ƙofa a garƙame ba ta da wani suna sai ba-zata. Da yawa daga cikin ma'aikatan KTL sun mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Jirgin ƙasa ma, wanda da shi labarin ya fara, ya sake shiga jerin: sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016 ya zama abin ɗoki, mutane suna ɗaukar hoto a cikinsa, har daren 28 ga Maris 2022 da 'yan bindiga suka tare shi, suka kashe fasinjoji, suka tafi da fiye da 60 daji.

Yau

Sana'ar ba da mamaki ba ta mutu ba, ta koma cikin waya. A Barnawa da Narayi, kamar a sauran biranen ƙasar, akwai matasan da aikinsu ke nan: a biya su su je wa mutum ofis ko gida ranar zagayowar haihuwarsa, da kek da balan-balan da mai busa ƙaho, wani yana ɗauka da waya don a ga lokacin da ya rufe fuska. Akwai kuma masu shirya wa baƙo tarko a titi don su ɗauki firgitarsa su saka a TikTok, salon da Allen Funt ya kai talabijin a Amurka tun 1948. Na farkon yana da kama da tsohuwar yarjejeniyar ɗan dabo, domin wanda ya biya ya san abin da ya saya, wanda aka yi wa kuma ƙaunarsa ake yi. Na biyun ba shi da da'ira. Wanda aka tsorata bai zo kallo ba, shi ne abin kallon, kuma kwabon wani ne yake karɓa. A garin da gudun mutum uku a kasuwa ya isa ya sa a fara rufe shaguna, iyaye su nufi makarantu, saƙonni su fara yawo a WhatsApp, irin wannan wasa ganganci ne.

Shi ya sa kusan kowace shekara, idan Kirsimeti da sabuwar shekara suka ƙarato, rundunar 'yan sanda takan fitar da sanarwar hana harba nokawut, abin fashewar nan na wasan yara. Yaran Television da Sabon Tasha, waɗanda aka haifa bayan 2002, sukan saya a ɓoye su cinna, su jefa bayan katanga su ruga suna dariya. Manyan da ke zaune a ƙofar gida sukan katse hira, su kasa kunne su ji ko ƙara ta biyu za ta biyo, kuma daga wane ɓangare. Idan shiru ya ɗan yi tsawo, sai wani ya ce "Kai, yaran nan!", a ci gaba da magana.